Abin da Na Gani a Ƙofar Aji Ɗaya

'Ya'yana, da ku jikokina, ku matso in gaya muku wata magana da na daɗe ina juyawa a raina. Zuwan wata jikata makon jiya ne ya tayar da ita. Da la'asar ta shigo mini daga Barnawa, goyo a baya, ido ya yi luhu-luhu. Mijinta a Abuja yake aiki, sai ƙarshen mako yake zuwa. Ta ce tun safe take kiransa bai ɗauka ba, ta tura saƙo ta WhatsApp ya gani bai amsa ba, saboda haka ta tabbata ya samu wata. Na ce sau nawa kika kira? Ta duba waya, ta ce goma sha bakwai. Bayan isha'i sai ga kiransa. Ashe taro suka shiga tun hantsi, kuma da ya fito ya tarar da kira goma sha bakwai sai ransa ya ɓaci, ya ƙara awa biyu bai neme ta ba, wai sai ya huce. Yaron kirki ne, ita ma yarinyar kirki ce. Amma ni da nake sauraronsu, wasu yara biyu na tuna, waɗanda na sha gani a ƙofar ajina tun kafin a haifi jikar tawa da mijinta.

Na fara koyarwa a Kakuri, nan cikin Kaduna, a 1976, shekarar da gwamnatin Obasanjo ta buɗe ilimin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta kwararo mana yara har aji ya rasa wurin zama. Kakuri ta lokacin ba ta barci. Masaƙar KTL tana aiki tun 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa, ga Nortex, ga kamfanin Peugeot da aka buɗe a 1975. In jiniya ta yi kuka, masu aikin dare su fito, masu aikin safe su shiga, kekuna su cika titi har Makera. A aji ɗaya sai ka samu ɗan Bahaushe, ɗan Bajju, ɗan Gbagyi, ɗan Atyap, ɗan Tibi, ɗan Ibo, kowa da Hausarsa. Fiye da shekara talatin ina karɓar 'yan aji ɗaya, kuma babu ranar da ta koya mini halin ɗan Adam kamar ranar farko, ranar da uwa ke sakin hannun ɗanta a bakin ƙofa.

Yawancin yara sukan yi kuka, kuma kukan nan lafiya ne. Uwa ta tafi, yaro ya yi ta sheshsheƙa, in ba shi allo da alli, can sai ka ga ya fara leƙen na kusa da shi. In an tashi ya hango ta, ya ruga ya faɗa jikinta, ta shafa kansa, shi ke nan magana ta ƙare, ya shiga ba ta labarin wanda ya ci masa gyaɗa.

Akwai kuma wanda kukansa ba ya ƙarewa. Yini guda idonsa na kan ƙofa, ba ya wasa, ba ya cin abin da aka ƙunso masa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne lokacin da uwar ta dawo: zai ƙanƙame ta, kuma yana dukanta, ta ɗauke shi ya zille, ta sauke shi ya ƙwalla ƙara. Yana son ta, yana jin haushinta, zuwanta bai kwantar masa da hankali ba. Da na san gidajen irin waɗannan yara sai na lura cewa ba rashin so ne ya yi musu yawa ba. So ne wanda ba a san ranar zuwansa ba. Yau a rungume shi har a shagwaɓa shi, gobe ya yi kuka har muryarsa ta dishe ba wanda ya waiwaya, domin uwar tana fama da nata. Yaron da ya tashi haka yakan gane cewa sai ya ɗaga murya ake jinsa, kuma in ya yi sake za a manta da shi.

Na uku shi ne wanda muke yabo, mu malamai da iyaye baki ɗaya. Uwa ta tafi bai ko waiwaya ba. Ta dawo, ya ɗauki jakarsa ya wuce gaba kamar bai santa ba. Mukan ce kai, wannan yaro namiji ne, ba shi da ƙiwa. Na daɗe ina faɗin haka, sai daga baya na fara lura da hannuwansu: wannan yana murɗa gefen riga, wancan ya ciji fensir har ya tsage. Ciki yana tafasa, fuska ba ta nuna ba. Yaro ne da ya riga ya gwada kuka a gida ya ga tsawa yake jawowa ko a kau da kai, sai ya haɗiye.

Jikata ita ce ta biyu, mijinta shi ne na uku. Ita in ta tsorata sai ta matso da ƙarfi, shi in ya tsorata sai ya ja da baya ya yi gum. Matsowarta ke sa shi gudu, gudunsa ke sa ta ƙara matsowa, kowannensu kuma yana ganin ɗayan ne ya fara.

Sai da na koma ƙarin karatu na tarar ashe masana sun daɗe da sa wa abin nan suna. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, shi ya fara tsayawa a kan shaƙuwar jariri da mai renonsa. A 1944 ya fitar da bincike a kan yara 44 da aka kama da sata. Goma sha huɗu daga cikinsu ya same su ba sa iya ƙulla zumunci da kowa, kuma 12 daga cikin 14 ɗin an raba su da iyayensu mata na dogon lokaci tun suna ƙanana. Shi kansa mai reno ce ta tashe shi, ta bar gidansu yana wajen shekara huɗu, abin bai bar ransa ba. Sai wata mai suna Mary Ainsworth, wadda ta yi aiki da shi, ta zo nan Afirka a 1954, ƙasar Uganda, tana bin gidaje 26 a ƙauyukan kusa da Kampala, tana zama tana kallon uwa da ɗa. Abin da ya fara jan hankalinta ma shi ne labarin da ta ji cewa mutanen wurin kan kai yaro gidan kaka in za a yaye shi, kamar dai mu. Da ta koma Amurka, a garin Baltimo, ta shirya wani gwaji na kamar minti ashirin: a sa ɗan shekara ɗaya a ɗakin da bai sani ba, uwa ta fita, ta dawo, a ga yadda zai tarbe ta. Kashi uku ta samu, su ne ukun nan da na gani a Kakuri, kuma ita ma ta ce ba a kukan rabuwa ake gane yaro ba, a tarbar dawowa ake gane shi. A 1987 wasu masana biyu, Hazan da Shaver, suka yi wa manya tambayoyi ta cikin jarida a kan soyayyarsu: kashi 56 cikin ɗari masu natsuwa, 25 masu ja da baya, 19 masu zullumi. Wato yaron bakin ƙofa yana nan cikin rigar ango.

Ba na so ku ɗauka cewa maganar Turawa ce kawai, ko kuwa sai uwa ta zauna da ɗa ita kaɗai dare da rana. An yi irin wannan bincike a gidajen Hausawa, aka buga shi a 1977, aikin Robert Marvin da Robert LeVine da abokansu. Jarirai 18 suka bi, a gidaje masu mata fiye da ɗaya, suka tarar kowane jariri hannu uku ko huɗu ke renonsa, kuma ya shaƙu da su duka, amma akwai guda da ya fi nema in abu ya tsananta, mafi yawa wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa. Ɗa na kowa ne, gaskiya ne, kuma yawan hannu rahama ce. Sai dai a cikin kowan nan dole a samu wani takamaimai wanda yaro ya tabbata in ya kira zai zo.

Ni shaida ce. 'Yar fari ce ni, a wani ƙauye na ƙasar Zazzau. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba har ta koma ga Allah; "ke" ce, ko "yarinyar nan". Ba ta ɗaukata gaban mutane, ba ta yi mini wasa. Ni ma Yaya nake ce mata, domin haka na ji ƙannenta suna faɗa. Kunyar ɗan fari ke nan, wadda Baba ta Karo ta ba da labarinta a littafin da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954, tare da yaye da riƙo. Da aka yaye ni aka kai ni ɗakin kakata, daga nan Gwaggo, ƙanwar mahaifina da ba ta taɓa haihuwa ba, ta ɗauko ni zuwa Makera, inda mijinta ke aikin reluwe. In da lissafin takarda ne, ya kamata in tashi da tabo. Amma Gwaggo, Allah ya jiƙanta, mace ce mai magana ɗaya. In za ta kasuwa sai ta tsuguna ta ce mini, "Uwata, zan dawo kafin azahar." Kuma kafin ladan ya kira sai in ji sallamarta. Ban taɓa farkawa na tarar ta sulale ba. Abin da ya riƙe ni ke nan. Al'adar da ta hana uwa nuna so ita ce ta tanadi kaka da gwaggo su nuna shi a fili, ba a bar yaro a sarari ba.

Damuwata a yau ita ce mun riƙe rabin al'adar mun saki rabi. Yarinya tana ɗaki ɗaya a gidan haya a Nasarawa ko Sabon Tasha, kakar yaro tana can Kafanchan ko Funtuwa, babu gwaggo, babu kishiyar uwa mai tausayi, amma har yanzu ana ce mata kada ki cika ɗaukarsa za ki ɓata shi, kada ki nuna kina son ɗan fari za a ce ba ki da kunya. To in ke ba ki ɗauke shi ba, wa zai ɗauka? 'Yata, jaririn wata shida bai san makirci ba. Kukansa kira ne, ki amsa. Zanin goyo da majanyi da kakanninmu suka bar mana sun fi duk wani keken jarirai da za ki sayo.

Haka yaye. Na ga inda aka shafa wa nono maɗaci, aka ɗauki yaro cikin dare aka kai shi garin da bai taɓa zuwa ba, wurin kakar da sau ɗaya ya taɓa gani. A rana guda ya rasa nono, ya rasa bayan da yake kwanciya, ya rasa ɗakin da ya sani. In za a kai shi wurin kaka, a bari ya saba da ita tukuna, a rage nonon sannu a hankali. Riƙo ma haka. Riƙo ya yi mini rana, ba zan zage shi ba. Amma na koyar da 'yan riƙon da aka mayar bayi, su ne ɗebo ruwa, su ne talla, su ne cin ƙanzo, kuma na koyar da wadda kafin ta kai aji huɗu ta zauna gida huɗu. Wannan yarinya ba ta yarda ta saba da kowa, har ni. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gida kuma ba uwa da ɗa ne kaɗai ba. Yara sun fi alƙali lura. Sun san ɗakin mowa, sun san na bora, sun san wanda uba ke kira ya zauna kusa da shi in ana cin abinci. Ɗan bora yakan tashi ko dai da neman yabo ido rufe, ko da cewa ba ya bukatar kowa. Agola yana shiga gida da ƙafa ɗaya a waje. Babbar 'ya, wadda aka ɗora wa goyon ƙanne tun tana shekara shida, takan girma ta iya kula da kowa amma ba ta iya cewa na gaji ba, kuma in ta yi aure sai ta mayar da miji ƙane. 'Yan ubancin da kuke gani ana yi a kotu kan gado, da yawansa ba a kan fili ya faro ba, a kan tabarmar uba ya faro, shekara arba'in baya. Ku samari da za ku zama iyaye, kada ku ce reno na mata ne. Mun karanta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma da wani babban mutum ya yi mamakin ganin ya sumbaci jikansa Hasan, yana cewa shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, bai yaba masa ba. Maigidana, Allah ya gafarta masa, in ya taso aikin dare idonsa jajur, sai ya zauna a dakali ya ɗora ƙaramin a cinya har ya gama shan kokonsa, sannan ya shiga ya kwanta. Minti goma ne. 'Ya'yansa har yau shi suke tunawa.

Akwai kashi na huɗu, wanda masana suka ƙara a 1986, kuma shi ne mai nauyi a bakina. Yaro ne da mutumin da ya kamata ya gudu wurinsa shi ne abin tsoronsa. In uban ya zo ɗaukarsa sai ya taho, ya tsaya cak, ya juya baya, ya rasa inda zai sa kansa. Wani lokaci duka ne a gida. Wani lokaci kuwa ba mugunta ba ce, iyayen ne da kansu ke ɗauke da firgicin da ba su sauke ba. Na fi ganin haka bayan rikicin Fabrairu da Mayu na 2000, da na Nuwamba 2002, lokacin da kogin Kaduna ya zama iyaka: Musulmi da yawa suka haye arewa, Kiristoci da yawa suka gangaro kudu. Ana lissafin gidaje da shaguna da aka rasa, ba a lissafa abin da yara suka rasa. Maƙwabciyata Bajju ce, 'ya'yana Mama suke ce mata, nata suna ce mini Inna, ta goya nawa na goya nata. Yara da yawa a garin nan sun kwana da irin wannan uwa ta biyu, suka wayi gari babu ita, ba sallama, ba wanda ya yi musu bayani. Ana cikin haka masaƙu suka bi juna suna rufewa, KTL a 2002, UNTL a 2007, ubanni suka zauna gida da baƙin ciki ko suka bazama neman abinci wasu garuruwa. Yaran wancan lokaci ku ne, masu aure yanzu. In ɗayanku yana firgita cikin barci, ko fushinsa yana fin ƙarfinsa har ya tsorata iyalinsa, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana nan Barnawa. Zuwa wurin ba hauka ba ne, kamar yadda zuwa awo ba ciwo ba ne.

Za ku ce mini hali zanen dutse. Rabin maganar na yarda da shi. Na haifi shida, kowanne da abin da ya zo da shi: wani tun ranar suna ba ya son hayaniya, wata ko an yi tsawa barcinta take. Wannan halitta ce, kuma mai jin kunya ba zai koma sarkin surutu ba. Amma ko mutum zai yarda cewa in ya kira za a amsa, wannan koyonsa aka yi, kuma abin da aka koya ana iya sake koyonsa. Masanan da suka bi yara tun daga haihuwa har girma a Minesota ta Amurka, tun daga 1975, sun ga wasu sun sauya da rayuwar gidansu ta sauya, ta kyau ko ta muni. Ni ma na gani. Yarinyar nan mai gida huɗu ta samu miji mai haƙuri da uwar miji ta gari; na haɗu da ita a kasuwar Kakuri da 'ya'yanta uku, ƙaramar tana riƙe da gefen mayafinta tana dariya.

Saboda haka ga abin da na gaya wa jikata. Na ce in kin kira sau biyu bai ɗauka ba, ajiye wayar, ki tambayi kanki: wannan tsoron na yau ne, ko tsohon tsoro ne ya farka? In ya zo, kada ki tare shi da "ka daina sona". Ki ce masa, "In na ji shiru hankalina tashi yake, ko kalma biyu ka turo mini." Shi kuma da ya zo gaishe ni ranar Asabar na ce masa, ɗana, na san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma zurfin cikinka ita a wurinta ƙofa ce aka rufe. In kana bukatar ka huce, faɗa mata, ka sa lokaci: zan kira ki bayan magariba. Sannan ka kira. Ya daɗe yana kallon ƙasa, can ya ce, "Hajiya, mu a gidanmu ba a magana." Na ce na sani, kuma ba laifin mahaifinka ba ne, shi ma haka ya taras. Kada ɗayanku ya ɗauki wannan magana tawa ya je ya tuhumi iyayensa. Na kai shekara hamsin kafin ƙanwar mahaifiyata ta gaya mini cewa ranar da Gwaggo ta tafi da ni, Yaya ta shige bayan rumbu ta yi kuka har dare, ta fito ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta.

Babban ɗan jikar tawa zai shiga makaranta zangon nan mai zuwa. Ta ce mini dabararta ita ce ta bari sai ya shagala da wasa ta sulale, don kada ya yi kuka. Na ce a'a, uwata. Ki tsuguna daidai tsayinsa, ki ce masa za ki tafi, ki nuna masa malamarsa, ki ce ƙarfe ɗaya za ki dawo. Zai yi kuka, ki bar shi ya yi, malamar ta san aikinta. Ke dai ki bar duk abin da kike yi tun sha biyu da rabi, ki hau Keke Napep, ya zamana kina tsaye a inda kika bar shi kafin a buga ƙararrawa.